Karafan ɗin Yaya Dauda

Rana ta riga ta faɗa bayan duwatsun unguwar Rusaifa a Makka, amma zafinta bai saki bangon gidaje ba. Yunus yana kwance rigingine a kan darduma a tsakiyar ɗaki. Kwana uku ke nan da bayansa ya riƙe, tun ranar da ya sunkuci tukunyar gas ta inda bai kamata ba, ko juyi ba ya iyawa sai an tallafe shi. Amma ba ciwon ne ya hana shi sakat ba. Yau Alhamis ce, kuma a karon farko cikin shekara shida wani ne ba shi ba yake cikin motar da ke ajiye a hosh, wato filin bayan gidan.

Ya kasa kunne. Injin na ruri a hankali, da jin sautin kaɗai ya san allurar zafi ta kusa kaiwa tsakiya. Ya ji 'yarsa Tahani ta kashe injin, ta tayar da janareta, jim kaɗan mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya ɗauka da irin nishin da yake yi kafin ya fara busa sanyi. Yunus ya gyaɗa kai shi kaɗai. Yarinyar tana bin takardar da ya rubuta mata layi bayan layi.

"Abu Tahani," in ji matarsa Hadijatu daga ƙofar kicin, "magariba fa ta kawo kai. Ka kira yarinyar nan ta shigo, a ƙarasa gobe mana."

"Gobe Juma'a. Saura kaɗan ta gama."

"In an tsallake mako ɗaya, faɗuwa motar za ta yi ta mutu?"

Ba ta jira amsa ba, domin shekara shida ke nan tana yin wannan tambayar.

Motar ba tasa ba ce. Karafan ce, irin motar nan mai gida sukutum a cikinta: gado biyu, kicin, firji, banɗaki, har da tankin dafa ruwan wanka. Yayansa Dauda ya saye ta a shekarun da kasuwa ta yi masa daɗi, ya kai iyalinsa Ɗa'if da ita sau biyu, sai aiki ya ɗauke shi zuwa Riyad. Ranar tafiya ya tura ta cikin hosh ɗin gidan gado, inda Yunus ke zaune, ya wurgo masa makulli ta tagar wata motar. "Ka kula mini da ita," ya ce. "Irin wannan mota zama ne ke kashe ta. Ka riƙa tayar da komai nata." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ya ja gilashi ya tafi.

Wani zai ji wannan magana ta bi iska. Ban da Yunus. Yana ɗan shekara tara mahaifinsu ya rasu, Dauda ne ya riƙe shi, kuma riƙo ne na tsawa da harara. Shi ya kai shi makaranta, shi ya koya masa tuƙi, amma bai taɓa dafa kafaɗarsa ya ce ya kyauta ba. Yunus ya girma, ya yi aure, furfura ta fito masa a gemu, yana nan yana jiran wannan dafawar. Da makullin ya faɗo a tafinsa sai ya ɗauka ga ranarta ta zo.

Saboda haka duk Alhamis bayan la'asar sai ya tuɓe farar jallabiyarsa ya nufi hosh. Ya tayar da injin ya bar shi ya yi ɗumi. Ya matsa da motar gaba taku ɗaya, mako mai zuwa kuma ya dawo da ita baya, don kada tayoyin su kwanta a gefe guda. Ya tayar da janareta ya ɗora masa mukayyif, saboda janareta in ba ya jan kaya ƙwarinsa lalacewa yake. Ya buɗe kowane famfo har ruwan da ya kwana mako ya fita, ya kunna murhu, ya kunna firji, ya kunna fitilu ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe ya dafa ruwan tanki, ya kashe, ya fito ya zauna a inuwa ya sha shayi har ruwan ya huce, sannan ya tsuguna ya kwance marfin da ke ƙarƙashin motar ya zubar da shi a ƙasa.

Duk shekarun nan ba wanda ya taɓa zama a ciki. Hadijatu tana zuba gumi a kicin ɗinta, ga ɗaki can a hosh ana ɗura masa sanyi ba kowa sai katifa. Tahani tun tana 'yar shekara goma sha uku take roƙo a kai su bakin teku a Jidda da ita, ko sau ɗaya, har ta kai sha tara ta gaji ta daina. Amsar uban ba ta canzawa: amana ce. Dauda kuwa bai taɓa tambayar motar ba. In ya zo Umra masaukinsa kusa da Harami, a can ake zuwa a gaishe shi. Yunus ya fassara wannan shiru da yarda, shi ma ya ƙi tayar da maganar, yana tanadin ranar da Yaya zai murɗa makulli injin ya tashi bugu ɗaya.

Akwai kuma wani abu da bai taɓa lura da shi ba, ga shi mutum ne mai kiyaye addu'a. In zai shiga gida, ko ba kowa, sai ya yi bisimilla ya yi sallama. In zai hau mota, ba ya saka giya sai ya karanta addu'ar hawa. Amma karafan ta faɗa masa a tsakani. Bai yi mata addu'ar gida ba don mota ce, bai yi mata addu'ar tafiya ba don ba inda za shi. Haka ya riƙa buɗe ƙofar nan da baki rufe, Alhamis bayan Alhamis.

Ladanin unguwa ya gyara murya a lasifika. A daidai nan Yunus ya ji sautin da ya sani, sautin ruwa yana dukan ƙasa. Ya yi wuri. Bai fi minti biyu ba da ya ji ta kashe tankin. A takardar ya rubuta mata ta kwance marfi ta zubar da ruwa, bai rubuta ta jira ya huce ba, domin hannunsa ne ya san wannan jiran, kansa ya manta da shi tuntuni.

Sai aka tsala wata ƙara daga ƙarƙashin motar, siririya, doguwa, irin ta jaririn da numfashinsa ya ɗauke kafin kukan ya fito. Janareta ya mutu. Ladani ya kira salla ya gama, hosh ya yi tsit.

Tahani ta shigo da kanta. Ta ajiye makulli a kan talabijin, ta ce ta gama, ta wuce ɗakinta. Hadijatu ta bi ta tana tambaya ko mage ce ta ƙone.

"Ma adri, Ummi, ban sani ba," ta ce. "Ban gani ba. Barci nake ji."

Ba ta ci abinci ba, ba ta kuma fito sallar isha ba.

Washegari da magariba aka fara jifa. Tsakuwa ce ƙanana, masu zafi kamar an ɗebo su daga murhu, suna faɗowa a tsakar gida ɗaya-ɗaya, a tsanake, ba daga gefen maƙwabta ba, daga sama sak. Hadijatu ta hau bene ta leƙa, ba ta ga kowa ba sai tankunan ruwa da tantabaru. Da aka idar da salla jifan ya tsaya. Rana ta uku famfunan gidan suka buɗe kansu gaba ɗaya, kuma ruwan da ya fito tafasasshe ne, har wanda ba ya bi ta tanki. Rana ta huɗu Yunus ya ja jiki da sanda zuwa taga, ya ga fitilun karafan a kunne, labule a sake, alhali makullin na aljihunsa. Daga ciki ana jin muryar mace tana rarrashi ƙasa-ƙasa, kukan nan siriri yana tashi yana kwantawa.

Da an tsaya a jifa da famfo, da sun jure. A rana ta biyar Hadijatu ta ɗaga rigar 'yarta ta saki salati. Bayan Tahani, daga kafaɗa zuwa ƙugu, ya ɗuri ruwa, ƙuna ce sabuwa fil, ga shi ko ɗigo bai taɓa ta ba ranar Alhamis. Suka kai ta asibiti. Likitar ta wanke, ta ɗaure, ta dubi Yunus ta saman tabarau ta tambaye shi wa ya zuba wa yarinya ruwan zafi. Kwana biyu ƙunar ta fara bushewa, da magariba ta yi sai ta dawo ɗanya kamar a lokacin aka yi ta.

Yarinyar ta rame, idanunta suka faɗa. Da rana takan yi shiru tana kallon bango, in an ba ta ruwa ta sha, in an yi mata magana ta ɗaga kai kamar daga nesa aka kira ta. Yunus yakan tsaya a ƙofar ɗakin ya kasa shiga. Ya san abin da ya yi. Duk da haka, abin kunyar da bai iya faɗa wa kowa ba, da Alhamis ta zagayo sai ya tsinci kansa yana tunanin batir zai sauka.

A wannan Alhamis ɗin ne ta yi magana. Tahani haifaffiyar Makka ce, kamar ubanta da kakanta, Larabci ne a bakinta. Hausarta 'yar guntuwa ce, ta gaisuwa da aike, in ta yi jimla biyu sai ta uku ta zame mata. Amma da rana ta faɗi sai ta tashi zaune, ta tanƙwashe ƙafa irin zaman tsofaffi, ta dubi uwarta da idon da ba nata ba.

"Ke ɗiyar mutane," aka ce da murya mai kaushi, "mi munka yi muku?"

Hadijatu ba ta yi ihu ba. Ta ja ƙofar ta rufe, ta ɗauki abayarta, ta tsaya a kan mijinta.

"Zan tafi unguwar Shisha in ɗauko Malam Yari. Ba shawara nake nema ba."

Malam Yari mutumin Damagaram ne, magini ne da rana, tafin hannunsa duk siminti ya tsattsage shi. Ba shi da ofis, ba shi da allo a ƙofa, amma Hausawan Makka sun san Alƙur'ani na kansa, kuma ba ya karɓar zancen yanka ko turaren tsubbu. Ya zo washegari bayan la'asar da robar Zamzam da ganyen magarya a leda. Kafin ya ga yarinyar ya ce a kai shi hosh. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya tsuguna ya dubi inda ruwa ya zuba, inda ƙasar ta yi baƙi ta ƙi bushewa. Ya tambayi Yunus yadda yake yi duk mako, Yunus ya zayyana masa tun daga injin har tayoyi, har da ɗan alfahari a muryarsa.

"To in za ka shiga, me kake cewa?"

"Ba na cewa komai," in ji Yunus.

"Shekara nawa?"

"Shida."

Malam ya girgiza kai.

Suka yi magariba a falo, sannan suka shiga ɗakin. Hadijatu ta zauna ta rungume 'yarta ta gefe, don ba a taɓa bayan, ta lulluɓe ta da mayafi. Yunus ya jingina da bango kusa da ƙofa. Malam ya zauna nesa kaɗan, ya fara karatu da murya matsakaiciya, ba gaggawa. Ya karanta Fatiha, ya shiga Baƙara. Tsakuwa ta fara sauka a tsakar gida, yanzu da yawa, kamar ana sheƙa tsaba a faranti. Bai ɗaga kai ba. Da ya kai Ayatul Kursiyyu ya maimaita, ya sake maimaitawa, yatsun Tahani suka ƙandare, wuyanta ya sandare, wani gurnani ya taso daga ƙirjinta.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, ni ko ba kafira ba ce."

"Wace ce ke?"

"Tsohuwa ce. Sunana ba ya yi maka amfani."

"Daga ina?"

"Daga inda kakannin wagga ɗiya sunka fito. Da ƙafa munka zo bayan ayarinsu, shekara bakwai muna tafiya. Munka zauna tsofaffin gidajen bisa dutse. Anka rushe, munka matsa. Anka rushe, munka matsa. Garin ga ya cika da fitila da ƙarfe, ba kango, ba kufai, ba inda tsohuwa za ta aje jikokinta. Sai munka iske wanga ɗaki."

"Ba naku ba ne. Da izinin wa kuka shiga?"

Aka yi dariya ta bakin Tahani, dariya mara daɗi, idanun suka juya suka sauka a kan Yunus.

"Tambayi wancan. Ɗaki da gado, da ruwa, da wuta, ba mai kwana, ba mai salla, ba a taɓa ambaton Allah bakin ƙofarsa ba. Duk Alhamis ya zo ya kunna muna fitila, ya sanyaya muna ɗaki, ya sabunta muna ruwa, ya fita bai ce uffan ba. Mu mun ɗauka bara ne anka aje muna. Mun ga matarsa tana gumi, mun ga ɗiyarsa tana leƙe ta gilashi yana korar ta. Munka ce lalle wanga gida namu ne, tunda ya fi ƙarfin iyalinsa."

Hadijatu ta sunkuyar da kai. Yunus ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Mun san lokacinsa," muryar ta ci gaba, yanzu tana rawa. "Yakan jira ruwa ya huce. Shi ya sa nike barin jikana ya yi wasa ƙarƙashin mota, wurin da sanyi. Rannan da magariba, lokacin fitarmu, sai ga tafasasshen ruwa bisa bayan yaro. Ba bisimilla, ba gafara. Malam, yaron ko tafiya bai iya ba."

Tsakuwar ta tsaya cak.

"Allah ya ba shi lafiya," in ji Malam Yari a hankali. "Amma yarinyar nan ba ta gan shi ba, ba ta san kuna nan ba. Kin ce ke Musulma ce. A wane littafi kika ga ana rama kuskure da gangan?"

"Baya da baya. Sai nashi ya warke nata ya warke."

"Wannan zalunci ne, kin kuma sani. Ki fita."

"Ba ni fita."

Malam ya tsoma hannu a ruwan magarya ya yayyafa, ya koma karatu. Wannan karon ya ɗaga murya. Tahani ta yi ta mimmiƙewa a hannun uwarta, gumi na tsiyaya, ƙunar bayanta ta jiƙe mayafin. Hadijatu na kuka ba sauti. An daɗe ana haka, har aka kira isha a masallatai aka idar, kafin muryar ta dawo a gajiye.

"Tsaya. Tsaya, don Allah. In na fita, ina za mu? Yaron ba ya ɗaukuwa. Ku bar muna ɗakin. A fitar da shi bayan gari, inda ba mutane, a buɗe ƙofa a tafi. Daga nan wanga mutum kada ya ƙara taka shi. In kun yarda da haka na saki ɗiyar yanzu, na yi alkawari da Wanda kake karanta maganarsa."

"Ba yanka, ba jini, ba wani abin da za a ba ki don girmamawa."

"Ban nema ba. Wurin kwanciya nike nema."

Malam Yari ya juyo wajen Yunus.

"Mai gida, ka ji. Ni zan iya ci gaba da karatu har ta fita dole, amma jikin yarinyar nan ya gaji, ban san kwana nawa zai ɗauka ba. Ƙarfe ne da katifa. Me ka ce?"

Kalma ɗaya ake jira. Hadijatu ta ɗago ido tana kallon bakinsa. Yunus yana son 'yarsa, wannan ba ƙarya ba ne, da za a ce ya kwanta a zuba masa ruwan a nasa bayan da ya kwanta. Amma shekara arba'in na tsoron mutum ɗaya sun riga shi zuwa harshensa.

"Ba tawa ba ce, Malam," ya ce. "Sai na tambayi Yaya."

"Abu Tahani!" in ji Hadijatu.

Ya zaro waya. Ya danna, ya buɗe murya don kowa ya ji, kamar hakan zai wanke shi. Wayar ta yi ta ƙara a cikin shirun ɗakin, Tahani na nishi, ba wanda ya motsa. Har ta kusa yankewa aka ɗauka. Ana jin ƙarar cokula da dariyar mutane.

"Hala, ya Yunus. Lafiya? Ina da baƙi."

"Yaya, maganar karafan ce. Wata lalura ta taso, Tahani ba ta da lafiya, ana so a fitar da..."

"Wane karafan?"

"Naka, Yaya. Wanda ka bari a hosh."

Sai Dauda ya fashe da dariya.

"Ya sheikh! Wannan akwalar tana nan har yanzu? Wallahi na ɗauka tuntuni ka kai ta tashlih an yanka ta an sayar da ƙarfen. Ni na ma manta kalarta. Ka yi yadda ka ga dama da ita, halas. Ka gaida yarinyar, Allah ya sauwaƙe. Zan kira ka."

Wayar ta katse. Yunus ya tsaya da ita a hannu yana kallon gilashinta.

Muryar tsohuwar ba ta yi dariya ba wannan karon. "Mu da kuke kira mutanen ɓoye," ta ce, "in wuta ta taɓa ɗanmu ba mu tambayar kowa. Malam, na karɓa. Ta ɗan yatsan ƙafar hagu zan fita. Ka yi mini sheda na cika."

Malam ya sa ta maimaita alkawarin sau uku, ya yi kiran salla a hankali kusa da kan yarinyar. Ƙafarta ta hagu ta yi rawa, ta yi rawa, ɗan yatsan ya miƙe, sannan jikin duka ya saki. Tahani ta yi atishawa, ta buɗe ido, ta ce, "Ummi, moya." Hadijatu ta ba ta Zamzam tana sha tana kuka.

Da safe Yunus ya ɗaure bayansa da majanyi ya hau karafan. Ya murɗa makulli, injin ya tashi bugu ɗaya, lafiyayye, ba ko tari, ba kuma wanda ya gani sai Malam Yari. Suka fita ta hanyar kudu, Malam na biye da shi a motar wani abokin aikinsa, har suka wuce iyakar Harami suka saki kwalta. A wani kwari akwai tsohon garken raƙuma da masu shi suka tashi suka bari. Nan ya tsayar da ita a inuwar dutse, ya buɗe ƙofa, ya sauko. Hannunsa ya kai ga marfin tanki don ya duba, Malam ya riƙe masa hannun riga. Suka juyo ba su waiwaya ba.

Jifa bai sake faɗowa ba. Ƙunar ta bushe cikin mako biyu, ta bar tabo fari daga kafaɗa zuwa ƙugu, wanda likita ta ce ba zai ɓace ba. Dauda bai kira ba. Hadijatu tana dafa abinci, tana ajiye masa, tana amsa gaisuwarsa, iyakarta ke nan. Tahani ta fara ci, ta fara tafiya, har ta fara dariya da ƙawayenta a waya. Sai dai in ubanta ya shigo ɗaki, dariyar takan tsaya.

Wata ranar Talata da hantsi ya sayo mata ruwan mangwaro mai sanyi, irin wanda take so tun tana ƙarama. Ya same ta kwance rub da ciki, don har yanzu ba ta saba kwanciya da bayan ba. Ya zauna a bakin gadon ya ajiye kofin. Ya yi ta shirya magana a hanya, da ya zauna duk ta watse.

"Baba," ta ce, ba ta juyo ba. "Kun ɗauka ba na nan, ko? Ranar da Malam ya zo."

"Kin suma, habibti. Ba ki san abin da ake yi ba."

"La. Ina nan. Kamar an kulle ni a ɗaki, ina jin ku ta bayan ƙofa. Kullu shai, komai na ji." Ta yi ta neman kalmomin Hausar, domin ta ƙudura da harshensa za ta faɗa masa. "Malam ya tambaye ka. Na ce yanzu Baba zai ce to. Sai na ji waya tana ƙara. Bayana yana ci da wuta, ina ƙirgawa. Sau tara ta yi."



Ta juyo da fuskarta, ta dube shi da idanunta na gaskiya, ba fushi a cikinsu, kuma da fushin ne da ya fi masa sauƙi.

"Da Baffa Dauda ya ce a'a fa?"

Ya buɗe baki zai rantse mata. Rantsuwar ta zo har leɓensa ta tsaya, domin shi mutum ne da bai taɓa rantsewa da Allah a kan abin da bai tabbatar ba. Ya laluba cikin ransa yana neman amsar da kowane uba yake da ita a shirye, ya laluba har ƙasa, bai same ta ba. Tahani ta jira shi. Ta ba shi lokaci mai tsawo, fiye da wanda ya cancanta. Sannan ta mayar da fuskarta bango.

"Ka kira mini Ummi," ta ce.